Ina so in fara gasar harbi da ƙaramar bindiga a Abuja, ta ina zan soma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Abuja, ina zaune a Kubwa, shekarata 34. Tun da na ga bidiyon Baturken nan da ya yi harbi a gasar Olamfik ta Faris, hannu ɗaya a aljihu, wasan ya kwanta min a rai. Wace bindiga zan saya, a ina ake koyo, kuma ban makara ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba ka makara ba. Yusuf Dikeç da ka gani shekararsa 51 lokacin da shi da abokiyar harbinsa Şevval İlayda Tarhan suka ciwo wa Turkiyya lambar azurfa a 2024, kuma zuwansa Olamfik na biyar ke nan, tun daga Beijin a 2008. Hannun da ya cusa a aljihu ba yanga ba ce. Doka ta ce da hannu ɗaya ake harbi, a tsaye, ba jingina, shi ya sa kowa ke neman inda zai ajiye ɗaya hannun ya huta, wasu aljihu, wasu su saƙale babban yatsa a bel. Wasa ne da mai furfura ke kayar da saurayi ba a yi mamaki ba.

Maganar saye kuwa, ajiye ta tukuna. A ƙasar nan doka ce farkon abin da za ka sani, tun kafin ka san inda kunama take. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku. Fistol da libarba masu cin harsashin albarushi suna cikin rukunin haramtattu, tare da bindigogin yaƙi, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Rukuni na biyu na Sufeto Janar na 'yan sanda ne, kuma a nan ne mutane ke yin tuntuɓe, domin bindigar iska, doguwa ko ƙarama, tana cikinsa. A wasu ƙasashen Turai baligi zai shiga shago ya saye ta ya fito, a nan sai da lasisi. Rukuni na uku na bindigar toka ne irin ta maharba, a hannun Kwamishinan 'yan sanda. Dokar ta kuma hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi, saboda haka kafin ka sa rai da mallakar taka, ka je hedikwatarsu da ke Louis Edet House ka ji halin da ake ciki daga bakinsu. Shigo da ita daga waje kuma yana bukatar takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Duk wanda ya ce zai kawo maka ta bayan fage, "ai ta iska ce kawai", ka yi masa sallama. Ɗan sandan da zai buɗe but ɗinka a shingen hanyar Kubwa da dare ba zai tsaya tantance iska da albarushi ba, kuma yana da gaskiya.

Hanyar da ta rage ita ce ta ƙungiya, kuma ko da babu doka ita zan nuna maka. Hukumar wasan harbi ta ƙasa, wato NSSF, ita ke riƙe da wasan, ƙarƙashin Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka farfaɗo da ita a 2024. Ka tafi filin wasa na Moshood Abiola, ɓangaren da ake kira Package B inda hukumomin wasanni da dama ke harkokinsu, ka tambayi mutanen harbi, ka kuma tambayi sashen wasanni na Babban Birnin Tarayya. Ka je da ƙafarka, waya ba ta cika biyan bukata ba a irin wannan. Za ka tarar mafi yawan masu harbin masu kaki ne, soja da 'yan sanda da sauransu, domin su ke da ma'ajiyar makamai da izini. Kada wannan ya sa ka ja da baya. Wasan na farar hula ne kamar kowane, kuma na sha ganin wanda bai taɓa riƙe bindiga ba ya fi saurin koyo, saboda bai zo da ɗabi'ar fizgar kunama da ake samu wajen harbin aiki ba. Akwai kuma wuraren harbi na nishaɗi a garin nan inda za ka biya a ba ka babbar fistol ka riƙe da hannu biyu, ta yi ƙara, a ɗauke ka hoto. Ba laifi, amma ba abin da ka gani a Faris ba ne, kuma ba zai ƙara maka maki ko ɗaya ba.

Abin da ka gani shi ne harbin fistol ɗin iska daga mita 10, wanda ya shiga Olamfik a Seoul a 1988, bisa dokokin ISSF, hukumar duniya mai hedikwata a Munich ta Jamus. Bindigar tana tura 'yar ƙwayar dalma mai kaurin milimita 4.5, nauyinta wajen rabin giram, da matsattsiyar iska. Nauyin bindigar ba zai wuce giram 1,500 ba, kunamarta kuma dole ta iya ɗaukar giram 500 ba ta tashi ba. Ba madubin hangen nesa, ba jan haske, tsinken saiti ne a gaba da tsaga a baya, shi ke nan. Harbi 60 ake yi cikin minti 75 idan allon na lantarki ne, minti 90 idan na takarda ne, maza da mata duka, domin tun 2018 aka daidaita su. Zoben 10, wato da'irar tsakiyar allon mai ba da maki 10, faɗinsa milimita 11.5, baƙin da'irar da kake hangowa kuma milimita 59.5, ta ƙunshi daga 7 zuwa 10. Akwai gasannin mita 25 da ake yi da harsashin .22, na mata da na saurin harbi na maza inda ake buga alluna biyar cikin daƙiƙa 8, da 6, da 4, amma waɗannan bindigogin suna cikin rukunin farko da na faɗa maka, kuma kusan duk wanda ya yi suna a can daga mita 10 ya taso.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe ko ka manta da sauran. Sabon shiga yana ganin matsalarsa rawar hannu ce. Ya ɗaga bindiga, ya ga tsinken yana yawo a kan baƙin, sai ya jira lokacin da zai gitta tsakiya ya finciki kunama. Harbin ya tafi 5 ko 6, yawanci ƙasa ta hagu ga mai harbi da dama, sai ya ce hannunsa ne ba shi da ƙarfi. Ɗauki biro mu yi lissafi. Tsakanin tsagar baya da tsinken gaba akwai wajen santimita 35. Allon yana santimita 1,000 daga gare ka. Idan tsinken ya kauce daga tsakiyar tsagar da milimita 1 kacal, kuskuren zai ninku kusan sau 28 kafin ƙwayar ta isa, wato kusan santimita 3, ka tashi daga 10 ka faɗa 7. Amma idan hannunka gaba ɗaya ya yi lilo da milimita 5 alhali tsinken na zaune daram a tsakiyar tsagar, ƙwayar milimita 5 kawai za ta kauce, kuma har yanzu 10 ce, domin ko gefen zoben ta taɓa an ba ka makinsa, wanda ke nufin kana da sararin milimita 8 daga tsakiya. Ka ga ke nan rawar da ke tsorata ka ba ita ke cinye makinka ba. Abin da yatsanka ke yi wa bakin bindiga a daidai lokacin tashin harbi shi ne ɓarawon.

Daga wannan lissafin sauran koyarwar ta fito. Idonka a kan tsinken gaba yake zama, ya fito tar, allon kuma ya yi dishi-dishi. Ido ba ya iya kama abu biyu masu nisa daban a lokaci guda, kuma zuciya kullum allon take son kallo, domin can makin yake. Yaƙi da wannan son zai ɗauke ka watanni. Shi ya sa ma akasarin masu harbi ba sa saita tsakiyar baƙin. Suna gyara saitin bindigar ta yadda za su riƙe tsinken a farin da ke ƙarƙashin baƙin, inda baƙin tsinke ke fitowa sarai a kan fari, kuma babu wani ɗigo da zai ruɗe su su ce "yanzu!". Wuri ake riƙewa, ba ɗigo ba. Kana cikin wurin nan kana lilonka, yatsa na ƙara nauyi a hankali, kai tsaye zuwa baya, ba tare da sauran yatsun sun taya shi matsawa ba, har harbin ya tashi. Kamar mai ɗiga maganin ido ne, matsa kwalbar yake a hankali, ɗigon da kansa yake faɗowa. Bayan ya tashi kada ka sauke hannu, ka ci gaba da kallon tsinken daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka faɗa wa kanka inda kake jin ƙwayar ta sauka kafin ka duba. Ranar da faɗarka ta fara dacewa da abin da ke allon, ranar ka fara harbi, ko da makin 8 ne.

Akwai iyakar lokaci a jiki. Ka ja numfashi kana ɗaga hannu sama da allon, ka saki rabi kana saukowa, ka tsaya. Daga nan kana da kamar daƙiƙa 5 zuwa 8 masu kyau. Bayan haka ido ya fara yaudararka, kafaɗa ta fara ƙara rawa. In harbin bai tashi ba, cire yatsa, sauke bindiga kan tebur, sake daga farko. Wannan saukewar ita ce abin da ya fi wa sababbi wuya, suna jin kunya kamar an ga gazawarsu. Ka kalli manyan gasanni da kyau, za ka ga zakarun duniya suna saukewa sau biyu, sau uku a kan harbi ɗaya, ba wanda ya damu.

Tsayuwa ba ta da wani sirri mai yawa. Ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, jiki a ɗan karkace, gwiwar hannu a miƙe, wuyan hannu a kulle. Rufe ido, ɗaga hannu, buɗe. In ka ga kana nuna gefen allon, ƙafar baya za ka matsar, kada ka ja hannun da ƙarfi. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa wanda bai rufe idon sawu ba, haka doka ta ce. Ido biyu a buɗe, ka rufe wanda ba ka saiti da shi da ɗan farin roba a jikin tabarau, faɗinsa kada ya wuce milimita 30. In kana da matsalar gani, je wurin likitan ido ka ce masa kana son gilashin da zai fito maka da abu tar a nisan miƙaƙƙen hannunka da ɗan ƙari, ba na karatu ba, ba na tuƙi ba.

To me za ka yi a gida tunda ba ka da bindiga? Abu mai yawa. Cika gorar ruwa ta lita ɗaya, kilo ɗaya ke nan, kusan nauyin bindigar gasa. Liƙa ɗan ɗigo a bango daidai tsayin mita 1.4, wanda shi ne tsayin tsakiyar allon gasa. Ka tsaya yadda na kwatanta, ka ɗaga, ka riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, ka huta kamar haka, ka maimaita na minti goma sha biyar bayan sallar asuba ko bayan isha'i. Ka riƙa yi da ɗaya hannun ma don kada baya ya karkace. Gasa ɗagawa 60 ce da ɗoriya cikin sa'a ɗaya da kwata, kuma mafi yawan sababbi a harbi ashirin na ƙarshe suke zubar da maki saboda kafaɗa ta gaji. Idan ka samu shiga wurin horo, kada ka ƙosa a ba ka ƙwayoyi. Bindigogin gasa suna da maɓallin da ke ba ka damar danna kunama ba tare da iska ta fita ba. Ka fuskanci farin bango, ba allo, ka yi ta dannawa kana kallon ko tsinken zai motsa. Kocin da ya sa ka wannan na makonni ba rowa yake maka ba. Manyan 'yan wasa har gobe suna yinsa, wasunsu fiye da harbin gaske, kuma ga mu nan inda gwangwanin ƙwaya 500 sai an shigo da shi da kuɗin waje, araha ce ta zo har gida.

Ƙa'idojin kariya ba a sassauta su don bindigar ta iska ce. Tana fasa ido, tana shiga nama. Bakinta kullum wajen allo, yatsa a waje har sai ka ɗaga, kuma duk lokacin da ka ajiye ta sai an zura zaren shaida mai launi ta cikin bututun ya leƙo ta baki, kowa ya ga babu komai a ciki. Umarnin alƙalin fili da Turanci ake ba da shi ko'ina a duniya, "Load", "Start", "Stop", kuma in ka ji na ƙarshen ko kana tsakiyar matsa kunama ne ka tsaya. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa dalma, kafin ka ci wani abu. Tukunyar iskar da ke ƙarƙashin bututun tana ɗaukar matsi har 200 a ma'aunin matsin iska da ake kira "bar", ana cika ta da famfon hannu na musamman ko daga babbar tukunya irin ta masu nutso, kuma dokar gasa ba ta yarda da wadda ta wuce shekara 10 da ƙerawa ba. Kada wani ya ba ka shawarar kai ta wurin masu walda su ɗura mata iskar oksijin. Oksijin da maiƙon da ke cikin bindiga in suka haɗu a wannan matsin, fashewa ce.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa masu shekarunka ba. Magungunan hawan jini irin su propranolol da atenolol, masu rage bugun zuciya, haramun ne a wasan harbi, a lokacin gasa da wajenta, bisa dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan haramtattun magunguna a wasanni. A Beijin a 2008 an ƙwace lambobi biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa saboda propranolol. In likita ya ɗora ka a kan irinsu kada ka daina sha da kanka, ka gaya masa, ka gaya wa hukuma, akwai takardar neman izini ta rashin lafiya. Goro da kofi da shayi mai kauri kuwa ba a hana ba, amma ka gwada cin goro awa ɗaya kafin horo ka ga yadda tsinken zai yi ta tsalle.

Game da maki, kada ka ƙirga su a watannin farko. Ka duba ko ramukan suna taruwa wuri ɗaya, ko a ina ne, domin matsar da taro zuwa tsakiya aikin sukurun saiti ne kawai. Burin farko shi ne duk harbi 60 su zauna cikin baƙi. Daga nan 500 cikin 600. Wanda ya kai 540, wato 9 a kowane harbi, ya zama ɗan gasa na gaske, kuma daga nan kowane maki biyar sai an yi gumi. Don ka san nisan tafiyar, bajintar duniya ta maza 594 ce, ta Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu tun 2009. A Faris, 577 ne makin mutum na takwas da ya shiga zagayen ƙarshe, kuma Sarabjot Singh na Indiya ya samu 577 ɗin shi ma, amma ya zo na tara saboda abokin takararsa ya fi shi buga ƙaramin zoben ciki mai milimita 5 sau ɗaya tak. A zagayen ƙarshe ana raba maki har zuwa 10.9, ana fitar da mutum ɗaya-ɗaya. A nahiyarmu Masar ce ke gaba, ita ta karɓi gasar duniya a Alƙahira a 2022. A gida kuma, idonka ya kasance kan gasannin hukuma da Bikin Wasanni na Ƙasa.

Sai mu dawo kan saye, in Allah ya kai mu lokacin da takardu suka kammala. Sunayen da za ka ji su ne Steyr ta Ostiriya, Morini ta Suwizalan, Walther da Feinwerkbau na Jamus, da Pardini ta Italiya. Sabuwa tana kaiwa tsakanin Yuro 1,500 da 2,500, ka buga da canjin yau ka gani. Dukkansu sun fi hannun kowane ɗan Adam daidaito, saboda haka gardamar wacce ta fi kyau ɓata lokaci ce. Abin dubawa shi ne mariƙin, ya zauna a tafinka ba tare da ka matse ba, yatsanka ya kai kunama ba ya gogar katako, sannan a tambaya ko akwai mai gyaranta da robobin toshe iska a kusa, domin zafin Abuja da bushewar hunturu suna cin roba. Tsohuwa mai lafiya ta wadatar, kai har Baikal IZH-46M ta Rasha da ake bugawa da hannu ba tukunya ta raini mutane da yawa. Riga ta musamman ko tabarau mai ƙarafuna irin na 'yan Koriya duk su jira.

Kada ka jira sai ka ƙware kafin ka shiga gasa, da koci ya ce ka san ƙa'idojin kariya ka rubuta sunanka. Bugun zuciyar da ke zuwa in an ce "Start" ba a koyonsa a horo. Za a ba ka minti 15 na shiri da harbin gwaji iya son ranka, ka yi amfani da su wajen nemo tsayuwarka, kada ka ƙone ƙarfinka a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kada ka taɓa sukurun kunama ko ka canza irin ƙwaya a makon gasa. Kafin a fara, alƙalai za su auna bindigar, su sa ta cikin akwatin gwaji mai tsawon milimita 420 da faɗin 200 da zurfin 50, su rataya wa kunamar nauyin giram 500, kuma suna iya sake zaɓarka bayan an gama su maimaita. Wanda kunamarsa ta kasa ɗauka a wannan gwajin na biyu an soke makinsa gaba ɗaya. Ka roƙi koci ya saita taka a wajen giram 520 ko 530, domin zafi da sanyi suna ɗan motsa ta.